Notis ɗin tashi a Agege: yadda muka bar gidan da aka ba dibelofa

A Agege ba kowane gidan da ya ɓace ba ne katafilar gwamnati ta rushe. An saba da labarin jan fenti a jikin bango da motar rusau, irin wanda ya sami shagunan bakin titi lokacin aikin gadar Pen Cinema, ko gine-ginen da suka matso kusa da layin dogo. Amma akwai wani rusau ɗin da ba ya zuwa da jiniya, ba ya shiga labarai, kuma a nawa ganin ya fi kwashe mutane daga unguwa. Na dibelofa ke nan, wato ɗan kasuwar da ke rushe tsohon gida ya gina sabo da kuɗinsa. Shi ya tashe mu.

Ni tela ne, haifaffen Agege. Goro ne ya kawo kakana daga Kano, kamar yawancin kakannin mutanen Zango. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, ga Agege tasha a kan layin, ga gonakin goro kewaye da ita, sai Hausawa suka yi ta sauka suna zama. Saboda haka in na ce unguwarmu, ba ina nufin inda na sauka neman kuɗi ba ne. Nan aka yanke min cibiya, kuma Yarabanci na bakina bai fi Hausa nauyi ba.

Gidan da muke haya irin wanda ya cika Agege ne: ɗakuna jere biyu suna kallon juna, doguwar baranda a tsakiya, bayi da kicin da rijiya a can baya. Fes-mi-ai-fes-yu, in ji mutanen Legas. Ɗaki goma sha biyu ne. Yawancinmu Hausawa ne, sai iyalan Yarabawa biyu, da wani Ibo mai sayar da kayan lantarki, da wani Bazabarme mai gwanjo. Mai gidan tsohon ma'aikacin reluwe ne, Bayarabe Musulmi, kowa Baba yake ce masa. Yana da wani littafin rasit mai takardar kabon a tsakani, kuma ko sisi ka ba shi sai ya zauna ya sa tabarau ya rubuta. A lokacin mun ɗauka tsufa ne.

Baba ya rasu ya bar 'ya'ya daga ɗaki uku. Ɗaki goma sha biyu na haya ba ya rabuwa tsakanin magada masu yawa haka, kuma babu mai ƙarfin rushewa ya sake ginawa a cikinsu. A irin wannan gaɓar dibelofa ke shigowa. Ba sayen gidan yake yi ba. Yakan ba iyali wani kuɗi a hannu, ya rushe tsohon ginin, ya tada bene da kuɗinsa, ya ware wa magada ɗaki ko shago kaɗan, sauran ya yi ta karɓar hayarsu har adadin shekarun da aka rubuta su cika, sannan ginin ya koma hannun iyali. Kowa ya sami nasa. Ɗan haya ne kawai ba ya cikin lissafin.

Me ya sa sai yanzu? Amsar tana kan titi. A Maris na 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka fara tun zamanin Ambode, Sanwo-Olu ya ƙarasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan mararraba yana jiran jirgi ya wuce ya san abin da gadar ta sauƙaƙa. A Yunin shekarar Buhari ya buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan, da sabuwar tasha a Agege mai sunan Fashola. A shekarar dai aka fara aikin Jan Layi, jirgin cikin gari daga Agbado zuwa Oyingbo. Ma'aikacin ofis da a da ko a mafarki ba zai zauna a Agege ba, sai ya fara lissafin cewa daga nan zai kai Ikeja ko Yaba ba tare da ya kwana a go-silo ba. Ƙasar da gidanmu yake kai ta fi gidan daraja, kuma magada sun gane haka kafin mu.

Da damina ta 2023 takardar ta zo. Babban ɗan Baba ne ya kawo da kansa, ya bi ɗaki ɗaki, ya liƙa ɗaya a bangon baranda. Takardar lauya ce, wata ɗaya aka ba mu. Da ya zo ƙofata ya ce, "Malam, ba faɗa ba ne. Gidan ya tsufa, kai ma ka sani." Na ce, "Alhaji, na sani. Amma wata ɗaya, da yara, ga ruwa?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi kaɗai ba ne, iyali ne suka yanke.

Bayan isha'i muka zauna a masallacin layinmu. Maganar farko da ta fito ita ce diyya, domin mutane sun ji an raba cak ga waɗanda aikin Jan Layi ya shafa. Wani yaro ɗan unguwa da ke aiki a ofishin lauya a Ikeja shi ya kashe wannan zancen. Ya ce wancan aikin gwamnati ne, wannan kuwa mai gida ne ke son gidansa, babu wata diyya da doka ta ɗora masa. Abin da doka ta ba mu lokaci ne. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda Fashola ya sa wa hannu, ta ce in babu wata yarjejeniya da ta ƙayyade wani abu daban, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida wata uku, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. In wa'adin ya cika ba ka tashi ba, sai an sake ba ka takardar kwana bakwai, sannan mai gida ya je kotu. Ba shi da ikon fitar da kayanka da hannunsa.

Liman ya tambaye shi, to wa zai tabbatar cewa wane mai biyan shekara ne? Yaron ya ce, "Allah gafarta Malam, rasit."

Nan gidan ya rabu gida biyu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Na koma ɗaki na tambayi mai ɗakina. Ba ta ce min komai ba, ta durƙusa ta jawo wata tsohuwar samira daga ƙarƙashin gado, cikin kayan jerenta da ba a taɓa girki da su ba. Ta buɗe. Ga katin rigakafin yara, ga takardun haihuwa, a ƙasa kuma ga rasitan Baba an ɗaure da robar kuɗi, wasu sun yi ja, tawadar ta kusa gogewa, amma kowanne da rubutunsa na ƙwarai: daga wata kaza na shekara kaza zuwa wata kaza. Na bayan rasuwarsa ne babu, don ɗansa ba ya rubutawa, sai dai Allah ya sa ta banki na tura masa, shaida tana cikin waya.

Hajiya mai tuwo, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ita a hannu take bayarwa, kuma takardunta ruwa ya ci su a wata ambaliya. Mai shayi wata-wata yake biya. Samarin da ke ɗakin ƙarshe, 'yan acaba su biyar, sunan mutum ɗaya ne a littafi, shi ma ya koma Jigawa tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi da dama a 2022. In da kowa zai tsaya a kan nasa haƙƙin, rabin gidan wata ɗayan nan ce tasu. Sai muka yanke cewa baki ɗaya za mu yi magana.

Mun fara ta inda aka saba farawa, wato wajen manya. Dattawan Hausawa na unguwa suka sami dattawan Yarabawa, aka kira magada, aka sha ruwa, aka yi addu'a ga Baba. Sun ce za su duba. Ba na raina wannan zaman, don shi ya sa har muka tashi ba a zagi juna ba. Amma alkawarin baki ne, dibelofa kuwa ba ya wurin, kuma shi ne mai gaggawa, domin ya riga ya biya.

Daga nan muka tafi cibiyar sasanta jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su san da ita ba, wasu kuma da sun ji "shari'a" sai su ja baya, suna tunanin kuɗin lauya da zaryar kotu. Ba a biyan ko kwabo. Za ka faɗi kokenka a rubuta, ka ba da adireshin wanda kake ƙara, su aika masa takardar gayyata da ranar zama. Mu uku muka wakilci gidan: ni, da Ibo mai kayan lantarki, da ɗaya daga cikin Yarabawan. Da gangan muka yi haka, kada a ce rigimar Hausawa ce.

Ranar zaman ba alƙali, ba akwatin tsayuwa. Tebur ne, mai sasantawa mace a kai, mu a gefe, babban ɗan Baba da wata ƙanwarsa da lauyan dibelofa a ɗaya gefen. Ta ce kowa ya yi magana ba a katse shi. Lauyan ya daɗe yana bayanin cewa ginin haɗari ne, bango ya tsage, in ya faɗo kan yara wa za a kama. Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya tuna benen Ita-Faji da ya rufta da 'yan makaranta a 2019 ba zai yi wasa da wannan ba, ko da yake namu ba bene ba ne. Da aka zo kaina ban yi dogon zance ba. Na kwance robar nan na jera rasitan a kan tebur. Ƙanwar ta ɗauki ɗaya, ta ga rubutun mahaifinta, ta yi shiru tana kallo. Daga nan maganar ta sauya salo. Mai sasantawar ta tambayi lauyan ko ya san wa'adin mai biyan shekara. Ya ce ya sani.

Abin da muka fito da shi: wata shida ga masu biyan shekara, har da Hajiya, domin ƙanwar da kanta ta shaida cewa tun tana yarinya ta san ta a gidan, wata uku ga masu biyan wata, wanda roƙo ne ba doka ba, babu kuɗin haya a watanni ukun ƙarshe, don mu tara na sabon wuri, ba za a yanke wuta ba, ba za a rufe rijiya ba, ba za a taɓa rufi ba har mutum na ƙarshe ya fita. Lauyan ya ƙara da cewa in an gama ginin mu za a fara yi wa tayi. An rubuta, kowa ya sa hannu, aka ba kowane ɓangare kwafi.

Takarda ba ta hana dabara. Ba a daɗe ba wani yaron dibelofan ya fara zuwa da yamma yana keɓe mutane ɗai-ɗai: in ka tashi cikin mako biyu ga kuɗin mota da ɗan abin kama ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Samarin ɗakin ƙarshe suka karɓa, Bazabarme ya karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, wanda kayansa ba su wuce katifa da jaka ba me zai zauna jira? Amma duk ɗakin da aka bari, washegari sai a cire ƙofa da taga. Baranda ta koma kango, iska na kaɗawa, ɓeraye suka samu gari, yara ba sa yarda su je bayi da dare sai an raka su.

Wata safiya ina shago mai ɗakina ta kira ni, wai ga leburori sun hau sama suna cire kwanon ɓangaren da babu kowa. Rufin kuwa ɗaya ne, in ka ɗaye rabi ruwa zai bi ta silin ya sauka a kan kowa. Na zo da kwafin yarjejeniyar. Ban yi magana da leburorin ba, 'yan'uwanmu ne ma, an ɗauko su aikin yini. Na kira lauyan a waya na karanta masa layin da ya sa wa hannu, na kuma tuna masa abin da yaron nan ya koya mana, cewa a dokar 2011 wanda ya rushe ko ya taɓa gini don ya kori ɗan haya ba da umarnin kotu ba, tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ke jiransa. Ya ce kuskure ne aka samu. Kafin azahar sun mayar da kwanon da suka cire.

Neman sabon ɗaki shi ne ainihin wahalar. Duk abin da na faɗa a baya wasa ne a kansa.

A Legas ba ka ganin mai gida sai ta hannun ejan, ejan kuwa kafin ya ɗaga ƙafa sai ka ba shi kuɗin dubawa, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba. In ya faɗi kuɗin haya kada ka yi murna, tambaye shi jimilla, domin a kai akwai agrimen, akwai kamasho, akwai kuɗin ajiya wai ko za ka ɓata wani abu. A al'ada kashi goma-goma cikin ɗari ne agrimen da kamasho, amma a ƙananan ɗakuna abin da bakinsu ya faɗa shi ne. Dokar nan ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, har ma ta ce wanda ya bayar shi ma ya yi laifi. Duk da haka an nemi shekara biyu a wajena ba sau ɗaya ba, ido cikin ido, don sun san akwai wani a bayana da zai biya. Jiha tana da hukumar da ke yi wa dillalan gidaje rajista, LASRERA, kuma yana da kyau ka tambayi ejan shaidarsa, sai dai masu allo a bakin kwata da alli ba su san wannan zancen ba.

Na duba Oko-Oba, kusa da mayanka, inda mutanenmu suke da yawa. Na duba Orile da Dopemu da Oniwaya. Duk inda ɗaki ya yi arha akwai dalili, kuma na koyi nemo dalilin da kaina. Kalli bango daga ƙasa, in ka ga layi mai duhu ya zagaye ɗakin a tsayin gwiwa, ko an shafa sabon fenti daga nan zuwa ƙasa kawai, ruwa na shiga. Tambayi mita, ta kati ce ko ta ƙiyasi, kuma mutum nawa ke kanta, don kada ka gaji bashin wutar wani. Sannan tambayar da yanzu ba na mantawa: mai gidan yana raye? In an ce gidan gado ne, sai in yi godiya in juya.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Wasu masu gida da sun ga hula sai ɗakin ya zama an riga an kama. Wata ta gaya min a fili cewa Malam in ya karɓi ɗaki ɗaya, bayan wata biyu mutum goma ne a ciki. Na ce mata ni da iyalina ne, ta ce haka kowa ke cewa. A ɗaya ɓangaren mu ma muna da namu zaɓen. Na sami wuri mai kyau wajen Fagba, mai ɗakina ta ce ita ba ta manta rikicin Hausawa da Yarabawa da aka yi a can a Oktoban 2020 ba, ba za ta zauna inda in wani abu ya tashi babu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ban yi musu ba.

Ƙarshe dai Agbado muka faɗa, ɗaki da falo, a gidan wani dattijo da ke zaune a ciki da iyalinsa. Da akwai masallaci a bayan layin, da Islamiyya ba nisa. Abin da ban lura da shi ba sai da yaron lauyan nan ya faɗa min shi ne, ɓangaren da muka kama Ogun ne, dokar Legas da ta tsaya mana a Agege ba ta tsallako nan. A farkon 2024 muka kwashe kaya. Kan keken ɗinkina na gida ban yarda an jefa shi bayan mota ba, a cinya na riƙe shi har muka isa.

Shago na bar shi a Agege, don tela ba ya ƙaura da kwastomominsa. Watannin farko danfo ya cinye ni, ga man fetur ya tashi tun cire tallafi a Mayun 2023, ga cunkoson hanyar Abule-Egba. Tinubu ya buɗe Jan Layi a ranar 29 ga Fabrairun 2024, amma sai Oktoba ya fara ɗaukar fasinja. Yanzu in na dace da lokacinsa, katin Cowry na biyan kuɗin jirgi zan taɓa, Agbado, Iju, Agege, na sauka. Jirgin da ya tada kuɗin unguwarmu har ta fi ƙarfina, shi ke kai ni cikinta kullum da safe. Ba zan yi ƙarya ba, jirgin yana da daɗi.

Ba na kewar layin bayi da asuba, ko kwatar da ke dawowa cikin baranda in an yi ruwa. Abin da ya tafi wani abu ne da ba a rubuta shi a yarjejeniya. A gidan nan mai ɗakina tana soya awara a bakin ƙofa, 'yan makaranta su saye kafin la'asar. A Agbado babu wanda ya san ta. Adashen matan gidan ya watse, sai da aka bi mutane a waya kafin kowa ta karɓi kwasarta. In yaro ya yi zazzaɓi da dare a da, Hajiya ce ke fara fitowa. Ita ta koma Funtuwa wajen ɗanta, garin da ba ta zauna ba tun tana amarya, don mai tuwo ba ta da kuɗin agrimen da kamasho. Mai shayi a teburinsa yake kwana. Liman ya ce min sahun asuba ya ragu, domin ba gidanmu kaɗai ba ne, a layin nan kawai an ba dibelofa wasu gidajen bayan namu.

An gama ginin. Bene ne hawa biyu, da get, da tankin ruwa a sama, shaguna a ƙasa, kowane ɗaki da bayinsa da kicin a ciki. Ya yi kyau, kuma unguwar tana buƙatar irinsa. Lauyan ya cika alkawari, ya kira ni ya yi min tayi. Kuɗin ɗaki ɗaya ya ninka abin da nake biya a da sau da yawa, kuma shekara biyu ake so a dunƙule. Babu ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya koma. Abin da ke damuna ke nan da gyaran Agege: ana rushe ɗakunan masu ƙaramin ƙarfi ana gina na masu albashi, amma ban ga inda ake gina sabon ɗaki don mai shayi ko mai wankin hula ba, alhali masu albashin da suka shigo su ma shayin za su sha.

A Agbado ma an fara. Tun da jirgi ya soma aiki ejan-ejan suka cika bakin tasha, kuma dattijon gidanmu ya riga ya gaya min cewa in shekara ta zagayo za a yi ƙari. Na ce masa, "Baba, ƙari ba komai in dai ba a wuce gona da iri ba, amma ina so mu rubuta: hayar shekara-shekara, da notis ɗin wata shida, da rasit duk biya." Ya ce ba matsala a wajensa, amma sai ya yi shawara da 'ya'yansa.